Ruwan da ke daskarewa idan ya ji ɗumin jiki

Ka taɓa lura da romon ƙafar saniya idan ya kwana? Da sanyi ya daskare, da an ɗora shi a wuta ya narke. To, akwai wani abu da ake kira haidirojel wanda wasu ire-irensa suke yin akasin haka: a cikin sanyi ruwa ne, amma da ya ji ɗumin jikin mutum, wato digiri 37, sai ya yi kauri ya zauna wuri ɗaya.

Me ya sa wannan ya dami masu bincike? Saboda maganin ƙwayoyin gado. A nan, likita yana son ya kai wa ƙwayoyin jiki wani guntun DNA mai ɗauke da umarnin haɗa sinadarin da suke buƙata. Matsalar ita ce, idan aka yi allurar DNA tsurarsa, jini yana kwashe shi daga wurin, sinadaran jiki kuma su daddatse shi cikin mintuna.

Dabarar ita ce a gauraya DNA ɗin da wannan ruwa tun yana da sanyi, a zuƙe shi a sirinji, a yi allura daidai inda ake so. Dogayen zarurrukan da ke cikinsa suna da ɓangaren da ba ya shiri da ruwa. Da ɗumi ya ƙaru sai waɗannan ɓangarori su dunƙule, su zama raga mai riƙe DNA. Daga nan ragar tana narkewa kaɗan-kaɗan tana sakin kayanta, kwanaki ko makonni, ba sai an yi tiyata an ciro ta ba. Wasu ana haɗa su ne da citosan, wanda ake samu daga ɓawon jatanlande da ƙaguwa.

Amma kada ka ɗauka an gama. Wani lokaci ragar takan saki kaso mai yawa tun a farko, kuma ko DNA ya fito, sai ya sami abin da zai shigar da shi cikin ƙwayar jiki.

A shekarar 2020 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da Jelmyto, maganin wata kansar hanyar fitsari mai amfani da irin wannan jel. Sai dai shi magani yake ɗauka. Na ƙwayoyin gado kuwa, yawancinsu har yanzu a kan dabbobi ake gwada su.