Arlit: Abin da jan layin allon na'urar sauti ke nufi ga matasan makaɗa

A garin Arlit, kimanin kilomita 240 arewa da Agadas, da wuya a yi babban biki ba a ji amon jita ba. An kafa garin ne a 1969 saboda ma'adinin yuraniyom, amma tun da kamfanin COMINAK ya rufe mahaƙarsa ta Akouta a ƙarshen watan Maris na 2021, ɗaruruwan ma'aikata suka rasa aiki. A irin wannan yanayi, waƙar da matashi ya ɗauka ya tura intanet na iya zama hanyar cin abincinsa, muddin sautin ya fita tas.

Akwai misali a yankin. Mdou Moctar ya naɗi kundinsa na farko, Anar, a Sakkwato a 2008. Waƙoƙin sun yaɗu daga waya zuwa waya ta Bluetooth da katin memori, har kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya saka ɗaya daga ciki a wani kundi a 2011. Bombino ɗan Agadas kuwa ya shiga jerin 'yan takarar kyautar Grammy a 2019.

Mene ne aikin DAC?

Waƙar da ke cikin waya lambobi ne zalla. Na'urar da ake kira DAC ita ce ke mayar da su lantarkin da zai motsa lasifika. Kowace waya da kwamfuta na ɗauke da ita, haka nan akwatin sautin da ake jona wa kwamfuta a sutudiyo. Wasu nau'o'inta na da ƙaramin allo mai nuna lambobi da layuka biyu masu hawa da sauka, na hagu da na dama.

Lambar 44.1 na nufin an gutsuttsura sautin sau 44,100 a kowace daƙiƙa, kamar yadda yake a faifan CD. Sai dai ganin 96 ko 192 a allo ba shaidar inganci ba ne. Idan an riga an matse waƙa zuwa ƙaramin MP3, abin da aka zubar ya tafi ke nan, ko da allon ya nuna babbar lamba.

Tsakanin allura da jan layi

A shekarun 1990, lokacin da waƙoƙin marigayi Abdallah Oumbadougou ke yawo a kaset a ɓoye saboda tawayen Abzinawa, rikodoji da dama na da ma'auni mai allura da ake kira VU, wanda aka ƙirƙiro a Amurka wajen 1939. Allurar na ɗaukar kusan sulusin daƙiƙa kafin ta kai matsayinta, don haka matsakaicin ƙara take nunawa. Ko ta ɗan leƙa ja, kaset kan shanye abin ba tare da mummunar illa ba.

Sautin kwamfuta ba ya yin wannan afuwa. Yana da rufi, wato sifili a saman ma'auni, kuma duk abin da ya nemi wuce nan za a datse kansa. Sakamakon shi ne ƙarar nan mai kama da yagewar takarda. Wannan daban yake da kaushin da mai jita ke nema da gangan daga amfilifaya. Wancan ado ne, wannan ɓarna ce. DAC ba ta gyara ta, sai dai ta tona asirinta: idan layukan suka manne a sama ba sa motsi, to mai yiwuwa an lalata waƙar tun wajen ɗauka.

Shi ya sa masu haɗa sauti kan bar tazara, su tsayar da ƙololuwa tsakanin desibel 6 zuwa 12 ƙasa da rufi. Gasar ƙara ma ba ta da riba yanzu, domin Spotify da YouTube kan rage ƙarar waƙar da ta yi yawa. Mai cika ƙara ya yi asarar tsabtar sauti, kuma bai fi kowa amo ba.

Abin da allon ba ya nunawa

Layukan na auna sautin da ke cikin na'ura ne, ba wanda ke isa kunne ba. Suna iya tsayawa a kore alhali lasifikar biki na kurmantar da mutane. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce matasa fiye da biliyan ɗaya na fuskantar barazanar raunin ji, ta kuma ba da shawarar kada baligi ya wuce sa'o'i 40 a mako a ƙarar desibel 80. Ga makaɗin da ke kwana kusa da lasifika, kunne shi ne jarin da ba a sayen wani a kasuwa.