Horon kariya daga faɗowa da takardar shaidarsa ga maginan kudancin Kano

Ƙasar kudancin Kano, wadda ta haɗa ƙananan hukumomin Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa, ta daɗe da sanin manyan ayyukan gini, domin a Bebeji ne aka gina madatsar ruwa ta Tiga tsakanin 1971 da 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, kuma babbar hanyar Kano zuwa Zariya ta ratsa yankin ta Kwanar Dangora. Sai dai mafi yawan birkiloli da kafintoci da leburorin yankin ba a irin waɗannan ayyuka suke cin abinci ba, a gidaje da shaguna da masallatai da ajujuwan makaranta suke wuni, ko kuma su tafi ci-rani Kano da Kaduna da Abuja bayan an kawar da amfanin gona. A waɗannan ƙananan ayyuka ne haɗarin faɗowa ya fi samun sarari, saboda da wuya a ga mai sa ido, kuma ba a tambayar mai hawa sama ko an taɓa koya masa yadda zai tsare kansa.

Abin da ake nufi da kariya daga faɗowa shi ne duk wani tanadi da zai hana ma'aikaci rikitowa daga inda yake aiki, ko ya tare shi kafin ya kai ƙasa. Dokar aiki a sama da Birtaniya ta kafa a 2005 ta jera matakan daki-daki: da farko a guji hawa idan ana iya yin aikin a ƙasa, kamar haɗa katakon rufi kafin a ɗaga shi, idan hawa ya zama dole a sa abin da zai hana faɗowa, kamar dandamali mai faɗi da shinge a gefensa, sai a ƙarshe a koma ga abin da zai rage illar faɗuwar, wato raga ko ɗamarar jiki mai igiya. A Amurka kuwa, hukumar OSHA mai kula da lafiyar ma'aikata ta wajabta kariya ga duk mai aikin gini a gefen da ya kai ƙafa 6 daga ƙasa, wato kimanin mita 1.8, tsayin da mutane da yawa ba sa ɗauka a bakin komai. Amma wanda ya faɗo daga mita 3, tsayin bangon gida marar bene, yana isa ƙasa cikin ƙasa da daƙiƙa ɗaya da gudun da ya haura kilomita 27 a awa, kuma abin da ke jiransa a ƙasan yawanci bulo ne da tsinin rodi.

Inda ƙa'idar Amurka ta fi cancantar a dube ta shi ne batun horo. Ta ɗora wa mai ɗaukar ma'aikata nauyin samar da masani wanda zai koya wa kowane ma'aikaci gane wuraren haɗari da yadda ake kafa kayan kariya da duba su, sannan a rubuta takardar shaida mai ɗauke da sunan ma'aikacin da ranar horon da sa hannun wanda ya koyar, kuma a sake horon idan wurin aiki ko kayan aiki suka canja. Nauyin yana kan mai biyan lada, ba kan leburan da ke neman na cefanen yau ba, kuma wannan shi ne adalci.

Dalilin da ya sa horo ya fi sayen kaya muhimmanci yana bayyana ƙarara a ɗamarar jiki. Ita wannan ɗamara tana kama kafaɗu da ƙirji da cinyoyi, tana da zobe a tsakiyar baya inda ake maƙala igiya, kuma ta bambanta da ɗamarar ƙugu kaɗai, wadda Amurka ta hana amfani da ita wajen tare faɗuwa tun 1998 saboda tana iya raunata ciki da ƙashin baya. Igiyar da aka fi sayarwa tsawonta mita 1.8 ne, tana da wani ɗinki da ke warwarewa ya ƙara kusan mita 1 don rage fizga, kuma idan aka haɗa da tsayin mutum da ɗan rarar da ake bari, ana buƙatar sarari na fiye da mita 5 a ƙarƙashin maɗaurin. Kafintan da ya ɗaura irin wannan igiya a rufin gida marar bene a Kiru zai bugi ƙasa kafin igiyar ta miƙe, alhali ya hau ne da natsuwar cewa an tsare shi. Abin da ya dace da shi gajeriyar igiya ce wadda ba za ta bar shi ya kai bakin rufin ba. Shi kansa maɗaurin, ƙa'ida ta ce ya iya ɗaukar nauyin da ya haura kilo 2,200, abin da katakon rufi mai riƙe da ƙusa biyu ba zai taɓa yi ba.

Tsani ma yana da nasa ilmi: a janye gindinsa daga bango da mita 1 ga kowane mita 4 na tsayi, kansa ya zarce wurin sauka da kusan mita 1, a kuma ɗaure shi. Duk wanda ya ga ranar zuba dakin, leburori suna hawa gangaren katako a jere da kwanon sarki cike da kwaɓi a ka, da silifas a ƙafa, ana gaggawa domin aikin jinga ne, ya san nisan da ke tsakanin wannan ilmi da abin da ake yi. Farkon damina ya fi muni, musamman a Tudun Wada da Doguwa inda ruwa ya fi yawa, domin iska kan yaye rufi, masu gida su matsa a gyara, kafinta ya hau jiƙaƙƙen kwano hadari na haɗuwa.

A Nijeriya akwai Dokar Masana'antu ta 1987, wadda hankalinta ya fi karkata ga masana'antu, da Kundin Ƙa'idojin Gini na Ƙasa na 2006, da Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010, wadda ta umarci masu ɗaukar ma'aikata su riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashi a asusun NSITF domin diyyar wanda ya ji rauni ko ya rasu a bakin aiki. Leburan da ake sallama kullum da yamma ba tare da an rubuta sunansa a ko'ina ba, da wuya wannan diyya ta iso gare shi, kuma idan ya karye, iyalinsa ne ke ɗawainiya tsakanin mai ɗori da Asibitin Ƙashi na Dala, wanda daga Doguwa tafiya ce mai nisa. Gwajin sana'a na Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya kuwa, gwanintar hannu ya fi aunawa.

Hanyar da ta fi kusa da gaskiyar yankin ita ce ta koyon sana'a a hannun maigida, domin tun zamanin ginin tubali, lokacin da magini ke zama a kan katanga ana jefa masa tubali yana cafewa, yaro daga ubangidansa yake ɗaukar ɗabi'ar aiki. Idan asusun horar da ma'aikata na ITF, wanda aka kafa a 1971, da kwalejin fasaha ta Bagauda da ƙungiyoyin magina suka horar da iyayen gidan da Hausa, a gindin gini ba a ɗakin taro ba, kowannensu zai isar da ilmin ga yaransa. Takardar da za a bayar kada ta tsaya ga shaidar halarta. Ta tabbatar da cewa an ga mutum ya kafa tsani, ya duba ɗinkin ɗamara, ya zaɓi maɗauri, ya kuma nuna yadda ake sauko da wanda igiya ta tare, tunda daɗewa a rataye kan tara jini a ƙafafu har ya kai ga suma. A haɗa da koyar da cewa wanda ya faɗo ba a ciccibarsa a ɗora a babur, sai an tallafi wuyansa da bayansa a kan shimfiɗaɗɗen katako. Ƙananan hukumomin huɗu suna iya fara neman wannan takarda daga duk ɗan kwangilar da za su bai wa ginin aji ko ɗakin shan magani.