"Mun Gane, Malam"

(SAUTI: ƙararrawar makaranta, hayaniyar ɗalibai, sannan tsit)

Yau shirin namu aji zai shiga, ajin sakandare. Ba da sassafe za mu shiga ba, lokacin da kowa ke da kuzari. Sai wajen sha biyu da rabi, a tsakiyar bazara, kwanon rufi ya ɗau zafi, ɗan abin da aka ci a tashin tara ya daɗe da narkewa.

Malam ya ba aji baya, alli sai ƙara yake a jikin allo. Ya cika allon, ya goge, ya sake cikawa. Benci ɗaya mutum biyar, wasu a ƙasa, wasu a bakin taga, littafi bisa gwiwa. Hannu yana rubutu, hankali yana wani gari. Wannan yana zanen tambarin ƙungiyar ƙwallonsa a bangon littafi, can baya gyangyaɗi ya kwashe mutum uku. Saura minti biyar a tashi, sai Malam ya waiwayo, ya karkaɗe hannu, ya ce, "Kun gane?" Aji ya ɗauka baki ɗaya, "Mun gane, Malam!"

"Akwai mai tambaya?"

Tsit kake ji.

Wannan shirun shi ne ya daɗe yana damuna, domin na zauna a cikinsa. Ina aji huɗu na riƙe wata tambaya ta Kemistiri zango guda cur ban furta ta ba. Na san abin da ya shige mini duhu. Sai dai kafin in ɗaga hannu dole in ɗinka tambayar da Turanci a zuci, in auna ta, in gyara, kuma kafin in gama ɗinkin Malam ya wuce babi na gaba. Da Hausa kuwa ba dama, sunanta banakula, yin ta a aji laifi ne mai hukunci. In ka yi ƙarfin hali ka miƙe, Turancin ya karye a bakinka, dariyar ba a nan za ta tsaya ba. Kuskuren zai zama sunanka har ka gama makaranta.

Ku lura da wani abu. A yawancin ajujuwanmu takarda ɗaya ce ake rubuta sunan ɗalibi a kai don ya buɗe baki, ita ce takardar monita, ta masu surutu. Yaro ya shekara shida yana koyon cewa magana a aji hanyar bulala ce ko tsallen kwaɗo, sannan mu yi mamakin ya ƙi tambaya. Wanda ya cika ɗaga hannu abokansa su ce iyayi gare shi. In yarinya ce a ce rawar kai.

Ba na ɗora wa malamai laifin duka, don na san abin da suke fama da shi. Tsarin ilimi na ƙasa ya ce malami ɗaya ɗalibai 40 a babbar sakandare. A makarantun gwamnati na manyan biranenmu, aji mai ɗalibai sama da 100 ba baƙon abu ba ne. Mu yi lissafi tare. Darasi minti 40 ne. Ko da malam bai ce uffan ba, ya raba lokacin ga yara 100, kowa sakan 24 zai samu. Ga manhaja tana jiransa, ga WAEC da NECO suna tafe, ga yaran ba su da littafin karatu, abin da suka kwafa daga allo shi ne kaɗai littafinsu. Shi ya sa darasi ya koma kwafar rubutu. Kuma abin da muke kira lalaci a bencin baya, sau da yawa gundura ce, ta mutumin da aka zaunar awa shida ba a nemi komai daga kansa ba sai motsin yatsu.

Wasu za su ce ai tarbiyyarmu ce, yaro ba ya tsoma baki in babba na magana. Ina ƙaunar wannan tarbiyya, amma ban yarda ita ce ta rufe bakin ɗalibai ba. Je ka makarantar zaure bayan Asuba. Ɗalibi ya gurfana, kai a sunkuye, ladabi har ba a magana. Ya ja baƙi, malam ya fassara masa da Hausa, ya warware. In wuri ya cije, sai ya ce, "Allah gafarta Malam, a ɗan maimaita mini nan." Kuma a maimaita. A zauren nan ladabi da tambaya tabarma ɗaya suke zaune, tun kafin a kafa Kwalejin Katsina a 1921. Bambancin shi ne, ɗalibin zaure yana tambaya da harshen da yake tunani da shi, kuma malam ya san sunansa.

Batun harshen ma an gwada shi a ƙasar nan. A 1970 Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa a Jami'ar Ife suka fara koyar da wasu yaran firamare dukkan darussa da Yarbanci tsawon shekara shida, Turanci kuma aka koyar da shi a matsayin darasi mai zaman kansa. Yaran ba su gaza takwarorinsu ba, a fannoni da dama ma sun fi su, kuma Turancinsu bai lalace ba. Ba cewa nake a jefar da Turanci ba, da shi ake rubuta jarrabawa, kuma ba kiredit ɗinsa ba shiga jami'a. Cewa nake a bar tambaya ta fito da Hausa in da Hausar ta zo, malam ya amsa, sannan ya nuna wa yaron yadda ake faɗarta da Turanci.

A 2024 gwamnatin Kano ta ayyana dokar ta-ɓaci a fannin ilimi. Gina ajujuwa da ɗaukar malamai abu ne na kuɗi da shekaru. Akwai kuma abin da ba ya cin ko kwabo. A farkon shekarun 1970 wata malamar kimiyya a Amurka, Mary Budd Rowe, ta naɗi muryoyin darussa masu yawa, ta auna tsawon jiran da malami ke yi bayan ya jefa tambaya. Ta tarar kusan sakan ɗaya ne. Da malamai suka miƙa jiran zuwa sakan uku ko fiye, sai amsoshi suka ƙara tsawo, "ban sani ba" ta ragu, yaran da aka yanke wa ƙauna suka fara magana, har suka fara jefo tambayoyinsu. Waɗannan fa yawancinsu da harshen gidansu ake koyar da su. Namu da ke juya magana daga Hausa zuwa Turanci a zuci, Malam, Anti, don Allah ku ba su sakan goma.

(SAUTI: ƙararrawa)

Ɗalibai, ku kuma ga aikinku. Tambayar nan da kuka haɗiye a aji cikin makon nan, ta Lissafi ce, ta Bayoloji ce, ku aiko mana ita da Hausa, ba sai kun sa suna ba. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu zaunar da malamai a nan ɗakin, mu karanto musu ɗaya bayan ɗaya.