Kasuwar Kirsimeti a Kafanchan: Abin da Na Gani da Abin da Na Fahimta

Gabatarwa

Wata rana ƙanwata ta nuna mini hotunan wani gari a ƙasar Jamus mai suna Rothenburg, wanda har yau tsohuwar ganuwarsa ke kewaye da shi. Duk shekara daga ƙarshen Nuwamba zuwa jajibirin Kirsimeti akan kafa rumfunan katako a tsakiyar garin, ana sayar da kayan ado da kayan ciye-ciye. Al'adar ta daɗe a can, domin irin wannan kasuwa ta birnin Dresden tun 1434 ake cin ta. Sai ta tambaye ni ko mu ma muna da irinta. Na ce mata ganuwa dai ga ta nan a Zariya muna gani kullum, amma kasuwar Kirsimeti sai dai mu tambayi Baba, tunda a Kafanchan aka haife shi. Wannan tambaya ce ta zama sanadin tafiyarmu a Disambar 2023.

Garin da Jirgi Ya Raya

Kafanchan ba ta da ganuwa kamar Zariya ko Kano, kuma dalilin haka na cikin tarihinta. Ƙasar ta mutanen Fantswam ce, amma abin da ya mayar da wurin gari sosai shi ne layin dogo. Wajen 1927 layin da ya taso daga Fatakwal ta Enugu da Makurɗi ya haɗe da na Kaduna, sannan wani reshe ya nufi Jos, Kafanchan ta zama mahaɗa. A 1933 aka dawo da hedikwatar masarautar Jama'a nan. Ma'aikatan jirgi da 'yan kasuwa, Hausawa da Ibo da Yarbawa, suka zauna tare da Bajju da Atyap da Ham da mutanen Kagoro. Kakanmu na cikin waɗanda aikin jirgi ya kawo.

Mama ba ta so tafiyar ba da farko, kuma tana da hujja. Ta tuna da rikicin Maris na 1987 wanda ya faro daga Kafanchan ya bazu har Zariya, da na bayan zaɓen 2011 da aka ƙone kasuwar garin, da kuma harin ƙauyen Goska a Kirsimetin 2016. Baba ya ce mata, "Hajiya, maƙwabcinmu da ya riƙe ni kamar ɗansa ya tsufa. In ban je na gaishe shi bana ba, wa ya san baɗi?" Haka muka kama hanya ta Kaduna, Kachiya da Zonkwa.

Me Ya Sa Kasuwar ke Cika?

Ya kamata mai karatu ya gane cewa a Kafanchan ba a kafa wata kasuwa ta daban don Kirsimeti kamar yadda ake yi a Turai. Kasuwar yau da kullum ce take tumbatsa, har ta malalo bakin titi. Na lura da dalilai uku.

Na farko, lokacin kaka ne. Manomi ya girbe acca da masara da doya da shinkafa, ya kuma tono citta, wadda ita ce babbar hanyar samun kuɗi a yankunan Kachiya da Jaba da Kagarko. Akan tsaga ta a shanya, dillalai su saya a fitar da ita zuwa Turai da Asiya. In citta ta yi kuɗi, tela da mahauci da mai gwanjo duk sai sun shaida. A shekarar da muka je wata cuta ta cinye gonakin citta da dama, ga kuma tsadar sufuri bayan janye tallafin man fetur a watan Mayu. Shi ya sa muka ga mutane da yawa suna taya kaya suna wucewa ba su saya ba.

Na biyu, dawowar 'yan gari. Ma'aikata da ɗalibai daga Abuja, Kaduna, Jos da Legas kan koma gida hutun ƙarshen shekara, kuma a wannan lokaci ake tara bukukuwan aure da tarukan ƙungiyoyin ci gaban ƙauyuka. Masu saye sun ƙaru, kaya ba su ƙaru haka ba, dole farashin kaji da awaki da tumatir da manja ya hau.

Na uku, bikin ba ya ƙarewa ranar 25 ga Disamba. Ranar 1 ga Janairu ake yin bikin Afan a Kagoro, 'yar tafiya kaɗan daga Kafanchan, inda maharba da masu busa ƙaho da 'yan rawa ke fitowa a gindin dutsen garin. Saboda haka ciniki kan ci gaba har sabuwar shekara.

Harshen Ciniki

A matsayina na ɗalibin Hausa, abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne harshe. Na ga wata mata Bajju tana ciniki da wani ɗan Ibo mai sayar da takalman yara, kuma da Hausa suke yi. "Haba ɗana, ka rage mini, yara huɗu zan saya wa," in ji ta. Shi kuma ya ce, "Mama, albarka, ƙara kaɗan." Hausarsu ba ta cika bambanta jinsin namiji da tamace ba, kuma ba kowa ke furta ƙ da ɗ yadda Bazazzagi zai furta ba, amma saƙo na isa sarai. Da yamma muka ji matan zumunta suna koyon waƙoƙin bikin a coci, su ma da Hausa. Wannan ba abin mamaki ba ne, domin tun 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, kuma 'yan mishan da suka zauna a Kwoi da Kagoro da ita suka riƙa koyarwa.

Na kuma ga yadda kowa ke cin arzikin wani. Yawancin mahautan da ke sayar da naman bikin Musulmi ne, haka ma teloli da dama da ke kwana kan keke don gama ɗinkin anko. A gidan tsohon da muka je gaisarwa, sai da aka miƙa wa Baba wuƙa ya yanka kajin da kansa, don mu ci hankali kwance. Tsohon ya riƙe hannun Baba ya ce, "Ɗana, ashe zan sake ganinka?" Mama da ba ta so zuwa ita ce ta ƙare a madafa tana taya matan gidan suyar cincin.

Kammalawa

Ba zan ce komai ya koma yadda yake a zamanin kakanmu ba. Baba ya nuna mana unguwannin da a da ake zaune a cakuɗe, yanzu kowa ya koma ɓangaren mutanensa, kuma tashar jirgin da ta raya garin ta yi tsit. Amma kasuwa na nan tana haɗa waɗanda unguwa ta raba, domin mai citta na bukatar mai nama, mai nama kuma na bukatar mai citta. Hausawa na cewa zumunta a ƙafa take, gani kuma ya kori ji. Shawarata ga 'yan'uwana ɗalibai, musamman masu neman batun kundin kammala digiri, ita ce su leƙa irin wannan kasuwa su nazarci Hausar da ake yi a cikinta, bayan sun tuntuɓi mutanen gari game da lafiyar hanya. Ƙanwata dai ba ta ga ganuwa a Kafanchan ba, amma ta dawo da kwandon acca da ƙullin citta, tana kuma tambayar yaushe za mu koma kallon Afan.