Ikon Jami'ai a Dokar Sigari: Abin da Ya Kamata Ku Sani

Masu tireda da direbobi a Kwanar Dangora, Tiga, Tudun Wada da Riruwai na yawan ɗauka cewa dokar sigari ta mutanen Abuja da Legas ce. Alhali Dokar Taƙaita Amfani da Taba ta Ƙasa, wadda Shugaba Goodluck Jonathan ya sanya wa hannu a 2015, ta hau kan kowa, kuma ƙa'idojin aiki da ita sun fito a 2019.

Me ta hana?

Ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba sigari, ta hana sa shi ya sayar. Ta hana sayar da ita kara-kara, sai dai kwali mai kara 20. Ta hana zuƙarta a asibiti, makaranta, tashar mota, gidan abinci da cikin motar haya.

Me jami'i zai iya yi?

Ɗan sanda ko jami'in hukumar da aka ɗora wa wannan aiki yana da ikon shiga shago ko wurin ajiyar kaya ya bincika. Zai iya buɗe katan, ya ɗebi samfuri don gwaji, ya duba takardun ciniki, ya yi wa mai shago da yaransa tambayoyi. Zai iya tsayar da motar da ta ɗauko sigari, ya kuma ƙwace kayan da suka saɓa doka, kamar kwalin da babu hoton gargaɗi a jikinsa. Hana shi aiki ko yi masa ƙarya laifi ne mai zaman kansa.

Ina iyakarsa?

Jami'i ba alƙali ba ne. Tarar da ba ta gaza naira 50,000 ba, ko ɗaurin wata shida, da doka ta tanadar wa mai shan sigari a wurin da aka hana, kotu ce ke yanke su. Don haka ku nemi ganin katin shaidarsa, kada ku ba da na goro, kuma in an ɗauki kayanku ku nemi shaida a rubuce.

Manya ma ba su tsira ba: a ƙarshen 2023 hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, ta sanar da cin tarar kamfanin British American Tobacco dala miliyan 110.

Sai dai jami'ai ba za su iya tsare kowane tebur daga Bebeji zuwa Doguwa ba. Karan sigari guda da kuɗin kashewar ɗan makaranta zai iya saya shi ne mafarin jarabar. Mai tireda da ya ƙi sayar wa yaro, da shugaban tasha da ya hana hayaƙi cikin mota, su ne za su fara kare 'ya'yanmu tun kafin jami'i ya iso.