Yadda Ƙwan Mace Ke Nuna a Cikin Jikinta

Maganarmu ta yau a kan ƙwai ce, amma ba na kaza ba, ƙwan da ɗan Adam ke samuwa daga gare shi. Ku kasa kunne, maza da mata, gama zancen ya shafi kowane gida.

Duk wanda ya taɓa buɗe cikin kaza mai saka ya ga tarin ƙwai manne da bayanta, wani babba, wani kamar gujiya, wani kamar ƙwayar gero. To, mace ma tana da irin wannan ma'aji guda biyu, ɗaya dama ɗaya hagu a gefen mahaifa, kowanne kamar girman dabino. Haka saniya, haka akuya, haka tunkiya. Sai dai ƙwan mace ƙanƙane ne ƙwarai, in an jera goma da ƙyar su wuce milimita ɗaya. Shi ya sa ba a gane shi ba sai a 1827, sa'ad da wani masani, Karl von Baer, ya same shi a cikin karya, ya dube shi da madubin likita.

Abu na fari da ya kamata ku riƙe shi ne, ma'ajin nan rumbu ne da aka cika sau ɗaya tak. Yarinya tun tana da wata biyar a cikin uwarta tana da ƙwai wajen miliyan 6 zuwa 7. Ran da aka haife ta sun ragu zuwa miliyan 1 ko 2. In ta balaga saura kamar 300,000 zuwa 400,000. Cikin wannan duka, waɗanda za su nuna su fito a rayuwarta ba su wuce 400 zuwa 500 ba. Sauran sai su shanye a inda suke. Wajen shekara 50 rumbun ya kusa ƙarewa, haila ta ɗauke. Ba sammu ba ne, ba kuwa aikin kishiya ba.

Yanzu ku tambaye ni, in ƙwai suna da yawa haka, me ya hana su tashi gaba ɗaya? Ga yadda abin yake. Kowane ƙwai yana kwance cikin 'yar jakarsa, kewaye da ƙananan ƙwayoyin halitta masu renonsa. Galibinsu barci suke yi, wani shekara 15, wani har 40. Kullum kaɗan ke farkawa su soma girma. Waɗanda suka farka kuma sai su saki wani sinadari, likitoci na ce masa AMH, wanda ke tsare na baya kada su yi gaggawar tashi. Watau kamar maigida mai lura, wanda ba ya barin a buɗe rumbu a kwashe tun kaka.

Abin da ya fi ba ni sha'awa cikin wannan al'amari shi ne, ƙwan da masu renonsa magana suke yi da juna. Su suna ba shi abinci ta waɗansu ƙananan kafofi. Shi kuma yana aika musu da nasa umarni, sinadari biyu da ake kira GDF9 da BMP15, yana ce musu su yawaita, su yi aiki. A 1996 aka gwada ɓerayen da ba su da na farkon, sai jakunkunan ƙwansu suka tsaya tun suna ƙanana, ba su haihu ba. Makiyaya kuma ga naku. A ƙasar Niyu Zilan akwai waɗansu tumaki masu yawan tagwaye. A shekarar 2000 aka gane dalili: BMP15 ɗinsu ne ke da tawaya. Tunkiyar da ta gaji tawayar daga gefe ɗaya ta kan yawaita tagwaye, amma wadda ta gaje ta daga uwa da uba duka, juya ce, ba ta haihuwa sam. Ku dubi yadda ɗan bambanci kaɗan ke raba tagwaye da rashin haihuwa.

Bayan watanni ana wannan reno, sai umarni ya zo daga sama. A ƙarƙashin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan ƙululu kamar ƙwayar wake. Shi ke zuba manzanni biyu cikin jini. Na fari, FSH, shi ke ciyar da jakunkunan da suka taso a wannan wata. Ɗaya ta kan tsere wa sauran, ta kumbura da ruwa har ta kai kamar santimita 2, ta aika da nata saƙo cewa a rage FSH, sai 'yan'uwanta su bushe. Wannan ne ya sa mace ta kan haifi ɗaya, tagwaye kuwa jefi-jefi. Sa'an nan manzo na biyu, LH, ya zo da ƙarfi. Har zuwa lokacin masu reno suna riƙe da ƙwan kada ya ƙarasa nuna. Da isowar LH sai su sake shi, bayan kamar kwana ɗaya da rabi jakar ta fashe, ƙwai ya faɗa bututun da ke kai shi mahaifa.

Wannan ya kan faru kamar kwana 14 kafin haila mai zuwa. Ƙwan ba ya wuce yini da kwana a raye, amma maniyyin namiji ya kan kai kwana 5 a jikin mace. Saboda haka kwanakin ɗaukar ciki su ne biyar ɗin da ke gaban fitar ƙwai da ranar kanta. Masu neman haihuwa su riƙa lissafi.

Manzannin nan ba su son wahala. Yunwa, da rama mai tsanani, da doguwar cuta su kan sa su yi shiru, haila ta ɗauke. Shayarwa ma haka, amma kada a dogara da ita bayan wata 6, ko in haila ta dawo, ko in an soma ba jariri wani abinci. Ƙwayar tazarar haihuwa, wadda aka soma sayarwa a Amurka a 1960, manzannin nan take tsayarwa na ɗan lokaci. Ba ta ƙone ƙwai kamar yadda ake faɗa a bakin rijiya. In an daina sha, aikin ya kan komo.

Shekaru kuwa ba su da magani. Ƙwan da ya daɗe yana barci ya fi saurin kuskure wajen nuna, don haka bayan shekara 35 ciki ya kan yi wuyar shiga, ɓari ya yawaita. Ba saiwa ko rubutu ko allurar da ke ƙara ƙwai a rumbu, kada ku sayar da akuyarku a kan wannan.

To, maigida, kai nake wa magana yanzu. In kun shekara tare ba ciki, ku zo ɗakin magani ku biyu, kada ka turo ta ita kaɗai. In ta haura 35, wata 6 ya isa jira. Sau da yawa ƙwai lafiya lau yake, bututun ne ciwon sanyi ya toshe, ko kuwa maniyyinka ne ke da rauni, gwajinsa kuma ya fi nata sauƙi. Uwargida, ke kuma ki riƙa ƙulla zare ko ki sa a rubuta miki ranar da kika ga jini kowane wata, ki zo mana da lissafin wata uku. Da shi za mu fara, in ya kama mu ba ku takarda zuwa babban asibiti.