Kama da Wane Ba Ta Wane: Dangantakar Motar Tsere da Motar Kan Hanya

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa kallon tseren motoci a talabijin zai lura cewa wasu motocin suna ɗauke da sunayen da ya saba gani a tasha, kamar Peugeot da Toyota da Mitsubishi. Kamfanonin da suka ƙera su kuma ba sa wasa da wannan dama, domin da zarar motarsu ta ci gasa sai su cika jaridu da talla. Tambayar da wannan takarda za ta amsa ita ce: shin motar da ta ci tsere ita ce wadda ake sayar wa jama'a, ko kuwa kama ce kawai? Za a fara da bayyana dokar da ta ɗaure motocin biyu, sannan a kawo matakan kamar da ke tsakaninsu. Daga nan sai a ɗauki misali daga gasar Dakar, wadda ta sha ratsa Agadas da Dirku a Nijar, da Sabha a yankin Fazzan na ƙasar Libiya.

2.0 Dokar Tantance Asali

Motocin tsere iri biyu ne a dunƙule. Akwai waɗanda tun farko don tsere aka ƙera su, masu kujera ɗaya da tayoyi a waje, waɗanda ba wanda zai ɗauke su a matsayin motar gida. Akwai kuma waɗanda asalinsu motocin kasuwa ne, wato masu rufi da ƙofofi da kujerun fasinja. Rukuni na biyu shi ne abin nazarinmu.

Hukumar da ke kula da wasannin motoci ta duniya, wato FIA, ta shimfiɗa ƙa'idar da za mu kira tantance asali. Ma'anarta ita ce, kafin mota ta shiga gasa, dole kamfani ya tabbatar cewa ya ƙera adadi kaza na irinta don sayarwa. A tsarin da aka fara aiki da shi a 1982, Rukunin A ya buƙaci mota 5,000 cikin wata goma sha biyu, kuma an rage adadin zuwa 2,500 a 1993. Rukunin B kuwa mota 200 kacal ya buƙata. Akwai kuma Rukunin N, inda ba a yarda da gyara ba sai ɗan kaɗan. Manufar dokar ita ce a hana masu kuɗi ƙera wata aba ta daban su liƙa mata sunan motar talakawa.

Sai dai kamfanoni sun samo dabarar kewaye dokar. Maimakon su ɗauki motar kasuwa su gyara ta don tsere, sai su fara zana motar tseren, sannan su ƙera iya adadin da doka ta nema su sayar. Ta haka aka samu BMW M3 ta farko, da Ford Sierra RS500 wadda aka ƙera guda 500 a 1987. Ke nan a nan motar kan hanya ce ta yi kama da motar tsere, ba akasin haka ba.

3.0 Matakan Kama

Idan aka yi la'akari da yawan abin da aka canza, ana iya kasa motocin nan gida uku.

3.1 Motar Kasuwa da Aka Ƙarfafa

A wannan mataki bodi da inji da giya duk na kamfani ne, kamar yadda ake sayar da su. Abin da ake yi shi ne a cire kujerun baya da darduma da duk wani kayan ƙawa don rage nauyi. Sannan a haɗa kejin bututun ƙarfe a ciki, wanda zai hana rufin mota danne direba idan ta kife. Ana kuma ƙara ƙarfin birki da shokozoba, a sa farantin ƙarfe a ƙarƙashin inji saboda duwatsu.

Misalin da ya fi kusa da Bahaushe shi ne Peugeot 504, wadda ake kira Fijo, wadda kuma aka daɗe ana harhaɗawa a masana'antar Kaduna da ta fara aiki a 1975. A wannan shekara ce Ove Andersson ya ci gasar Safari ta ƙasar Kenya da irin wannan mota, Hannu Mikkola kuma ya ci gasar Maroko da ita. An ƙara wa injinta ƙarfi, amma tsarinta bai sauya ba: inji a gaba, tayoyin baya ke tura ta. Direban tasha da ya leƙa ƙarƙashinta zai gane kusan komai.

3.2 Bodin Kasuwa, Kayan Ciki na Tsere

A mataki na biyu ana riƙe ƙwaryar bodin da ta fito daga masana'anta, amma sauran kaya na musamman ne. Gasar motocin kasuwa ta Birtaniya ta bi wannan hanya a shekarun 1990, inda aka ƙayyade girman inji a lita 2. A 1994 har kamfanin Volvo ya shiga da doguwar motar iyali mai suna 850, abin da ya ba 'yan kallo dariya da mamaki. Daga 2011 gasar ta koma wani tsari inda duk motoci ke amfani da giya da birki da kayan ƙafa iri ɗaya, ko da sunayensu sun bambanta. Haka nan tsarin TCR da aka fara a 2015 ya riƙe bodin kasuwa da jan tayoyin gaba, amma ƙarfin injin yakan kai na doki 350 ko kusa da haka.

3.3 Siffa Kawai

A mataki na uku babu abin da ya rage sai suna da siffa. Ana ƙera firam na bututun ƙarfe, a ɗora inji inda aka ga dama, sannan a lulluɓe shi da bawo mara nauyi mai kama da motar kasuwa. A gasar NASCAR ta Amurka, motar da ake kira Toyota Camry tana da inji mai silinda 8 wanda ya haura lita 5, kuma tayoyin baya ke tura ta. Camry ɗin da ke yawo a titunan Kano kuwa silinda 4 ko 6 gare ta, kuma tayoyin gaba ke jan ta. Hatta fitilun gaban ta tseren hoto ne aka manna. Gasar DTM ta Jamus ma ta yi amfani da irin waɗannan motoci daga 2000 zuwa 2020.

4.0 Misali Daga Hamada: Agadas Zuwa Sabha

Tseren motocin kasuwa a kan kewayayyen filin kwalta al'adar Turai ce da Amurka. Abin da ya fi kusa da shi a yankinmu shi ne gasar Dakar, wadda Thierry Sabine ya ƙirƙiro. An tashi karo na farko daga Faris ranar 26 ga Disamba 1978, aka bi ta Aljeriya da Agadas da Yamai da Gao. A wancan lokaci yawancin motocin na mataki na farko ne. Range Rover ce ta zo ta ɗaya a ɓangaren motoci, kuma wasu 'yan'uwa biyu, Claude da Bernard Marreau, sun kai Dakar da ƙaramar Renault 4.

Al'amura sun sauya bayan da aka soke Rukunin B a ƙarshen 1986, sakamakon haɗurra, musamman wanda ya kashe Henri Toivonen da abokin tafiyarsa a tsibirin Kosika. Kamfanin Peugeot ya rasa inda zai kai motarsa 205 Turbo 16, sai ya juya da ita hamada. Ta ci gasar Dakar a 1987 da 1988. Akwai kuma 405 Turbo 16, wadda Ari Vatanen ya ci gasar da ita a 1989 da 1990. A waɗannan shekaru biyu ne hanyar gasar ta ratsa Libiya, ta bi ta Gadamus da Sabha, ta gangaro Tumu da Dirku, sannan ta shiga Agadas da Tawa.

Yana da kyau a kwatanta motocin biyu masu suna 405. Ta kasuwa tana da ƙofa huɗu, injinta a gaba yake, yawancin samfurorinta kuma tayoyin gaba ke jan su, kuma ƙarfin mai lita 1.6 bai kai na doki 100 ba. Ta tseren ƙofa biyu gare ta, injinta yana tsakiya a bayan direba, duk tayoyi huɗu ke aiki, ƙarfinta kuma ya kai na doki 400 ko kusa da haka saboda na'urar turbo mai cusa wa inji iska. Dalilin mayar da inji tsakiya shi ne a raba nauyi daidai tsakanin gaba da baya, don kada mota ta dinga caka hanci idan ta diro daga tudun yashi. Abin da ya haɗa su bai wuce alamar zaki da siffar fitilu ba.

Wani abu da ya faru a 1989 ya nuna cewa sunan kamfani ake karewa, ba na direba ba. Vatanen da Jacky Ickx, dukansu direbobin Peugeot, sun yi wa sauran nisa, suna ta rige-rige a tsakaninsu. Shugaban tawagar, Jean Todt, ya ji tsoron kada su lalata motocin duka biyu. Da aka isa Gao sai ya jefa kwabo sama don a zaɓi wanda zai ci, kuma ƙuri'ar ta faɗa kan Vatanen.

Sabha ta sake karɓar gasar a 1992 da 2000 da 2003. A 2000 an soke zangunan Nijar saboda barazanar tsaro, aka kwashe motoci da manyan jiragen sama daga Yamai zuwa Sabha. An soke gasar baki ɗaya a 2008, ta koma Kudancin Amurka daga 2009 zuwa 2019, sannan ta koma Saudiyya a 2020.

5.0 Hilux Biyu

Matafiyan da ke bin hanyar Agadas zuwa Sabha da ƙauyukan da ke kewaye da ita, irin su Samnu da Zighan, sun san Toyota Hilux sarai, domin ita ce jakin wannan hanya. Sau da yawa akan ɗora mata sama da mutum 20 da jarkokin ruwa da na mai. Motar da ke ɗauke da wannan suna ta ci gasar Dakar a 2019 da 2022 da 2023 a hannun Nasser Al-Attiyah ɗan ƙasar Katar, sannan a 2025 a hannun Yazeed Al-Rajhi ɗan Saudiyya.

To amma Hilux ɗin gasa ta mataki na uku ce. Firam ɗinta na bututu ne, bawonta ba na ƙarfen kasuwa ba ne, kuma ba ta da bayan ɗaukar kaya na gaskiya. Wadda ta ci a 2022 injin fetur gare ta mai silinda 6 da lita 3.5, irin na Land Cruiser, tayoyinta inci 37 ne, kuma kowace taya tana iya hawa da sauka har milimita 350. Mutum biyu take ɗauka, kowanne da hular kwano da ɗamara mai madauri da yawa, ga makanikai suna jiran ta kowane dare.

Wanda ke son ya auna ƙarfin motar kasuwa, sai ya dubi rukunin motocin da ba a sauya ba, inda doka ta taƙaita canza manyan sassa. A wannan rukuni Toyota Land Cruiser ta yi shekaru a jere tana zuwa ta ɗaya, duk da cewa a jimillar sakamako tana can baya da nisa.

6.0 Me Ya Sa Ake Riƙe Kamar?

Dalili na farko shi ne talla, domin mai saye ya fi amincewa da sunan da ya ji ya yi nasara. Na biyu shi ne ɗan kallo, wanda ya fi jin daɗin goyon bayan mota irin tasa. Dalilan da ke nesanta motocin kuwa su ne neman gudu, da kare ran direba, da rage tsada, tunda raba kaya iri ɗaya ga kowa ya fi arha.

Wannan ba ya nufin tsere ba shi da amfani ga mai motar gida. Injiniyoyi suna gwada birki da tayoyi da matatar iska a cikin zafi da ƙura, kuma wani abin da suka koya yakan iso kasuwa daga baya. Haɗarin shi ne direba ya ɗauka cewa motarsa za ta jure abin da ya gani a talabijin. Motar tsere tana kifewa direbanta ya fito da ƙafarsa saboda keji da ɗamara, kuma jirgi mai saukar ungulu yana biye da shi. Motar haya mai lodin mutane ba ta da ko ɗaya daga cikin waɗannan.

7.0 Kammalawa

Wannan takarda ta nuna cewa kamar da ke tsakanin motar tsere da ta kan hanya hawa-hawa ce. Peugeot 504 ta 1975 'yar'uwar ta tasha ce ta jini, motocin TCR dangi ne na nesa, 405 Turbo 16 da Hilux ta Dakar kuwa suna kawai suka ara. Don haka idan aka ce wata mota ta ci gasa, tambayoyi uku suka kamata: a wane rukuni ta yi takara, ina injinta yake, kuma guda nawa aka ƙera don sayarwa? Amsoshin su ne za su nuna ko motar da ke cikin talla ita ce ke gaban mai saye, domin Hausawa sun ce kama da wane ba ta wane.